In Ɓera da Sata, Daddawa Fa? Sharhi kan Koya wa Yara Jin Ta Bakin Kowa a Tatsuniya

Duk wanda ya yi firamare a Roni, ko Amaryawa, ko Gwiwa, ya san yadda darasin tatsuniya yake ƙarewa. Malam ya ba da labari, a yi dariya, a ce ƙurunƙus, sai ya ɗauki alli ya ce, "To, wane darasi muka koya?" Yara su amsa baki ɗaya: haƙuri, ladabi, kwaɗayi mabuɗin wahala. A rubuta a allo, a kwafa, a tashi tara. Mai kirki ya ci riba, mugu ya sha kashi, magana ta ƙare.

A makarantun Turai da Amurka akwai wata dabara da ta daɗe tana tashe, wadda ke son rushe wannan tsari. Ita ce a sa yaro ya sake ba da labarin daga bakin wanda aka ce shi ne mugun. Littafin da aka fi jingina ta da shi wani ɗan littafin yara ne da Jon Scieszka ya rubuta, Lane Smith ya yi wa zane, ya fito a Amurka a 1989. Ya ɗauki tsohuwar tatsuniyar Turawa ta 'yan aladu uku da kyarkeci, ya miƙa wa kyarkecin bakin magana. Daga gidan kaso kyarkeci yake bayani cewa shi fa mura yake yi, sukari ya je roƙo wajen maƙwabta, atishawa ce ta kubce masa gidajen suka rushe, 'yan jarida ne kawai suka ɓata masa suna. Littafin yana da ban dariya, kuma manufar masu koyar da shi mai kyau ce: yaro ya saba da cewa ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Ni ma ina tare da manufar. Abin da nake ja da shi shi ne ɗauko dabarar yadda take a dire ta a aji ɗaya ko ajin rainon yara, da kuma zaton cewa tatsuniyarmu ba ta da wannan abin sai an yi mata allurarsa daga waje.

Mu fara da ƙwaƙwalwar yaron, tunda ita za a ɗora wa kayan.

A 1983 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka yi wani gwaji a Ostiriya da ya zama ginshiƙi a wannan fage. Ana nuna wa yaro 'yar tsana mai suna Maxi, ya ajiye cakulan a kabad ɗaya ya fita wasa. Bayan fitarsa uwarsa ta mayar da cakulan ɗin wani kabad. Sai a tambayi yaron: in Maxi ya dawo, ina zai duba? A cikin 'yan shekara uku zuwa huɗu babu ko ɗaya da ya ci. Galibi sabon wurin suka nuna, domin su sun ga an mayar, kuma ba su iya raba abin da suka sani da abin da Maxi ya sani ba. A 'yan huɗu zuwa shida kashi 57 cikin ɗari suka ci, a 'yan shida zuwa tara kashi 86. Mu kira shi gwajin kuskuren zato. Kada a ce abin Turawa ne: a 1991 Jeremy Avis da Paul Harris sun yi irinsa da yaran ƙabilar Baka a dazukan kudu maso gabashin Kamaru, yaran da ba su taɓa shiga aji ba, aka ɓoye abinci daga inda mai shi ya bar shi, kuma aka ga irin wannan sauyi wajen shekara biyar. A 2001 Henry Wellman da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 178 suka auna su tare. Shekarun cin gwajin sukan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hanyar ɗaya ce: ƙarami yana faɗuwa, in ya tasa yana ci.

Wannan matakin farko ne kawai. Sanin abin da wani yake zato daban, sanin abin da yake ji a ransa saboda wannan zaton daban. A 1999 Joël Bradmetz da Roland Schneider a Faransa suka yi amfani da tatsuniyar yarinya mai jar hula, wadda ta je gaida kakarta alhali kyarkeci ya riga ta ya kwanta a gadon. Yara da yawa sun amsa daidai cewa yarinyar tana zaton kakarta ce a ciki. Amma da aka ce, to tana bakin ƙofa, tsoro take ji ko murna, sai suka ce tsoro. Tsoron me, tunda ba ta san da kyarkeci ba? Tsoron da yaron ke ji ne ya zuba mata. Wannan giɓi yakan kai shekara bakwai ko takwas kafin ya rufe.

To ka dubi abin da littafin kyarkecin yake nema. Daɗinsa duka yana cikin gane cewa mai ba da labarin yana kare kansa ne, ga shi yana rantsuwa ba shi da laifi, ga shi kuma ya cinye aladu biyu. Sai yaro ya riƙe labarin asali a ka, ya riƙe na kyarkeci, sannan ya gane kyarkecin yana so ne mu yi zaton wani abu. Zato a kan zato ke nan, kuma Perner da Wimmer sun nuna a 1985 cewa wannan sai wajen shekara shida zuwa bakwai yake zama. Ɗan shekara huɗu da aka karanta wa littafin ba ɓangare biyu zai gani ba. Mugun zai sauya masa kawai: jiya kyarkeci, yau aladu. An juya tabarma, amma har yanzu fuska ɗaya ce a sama.

Yanzu mu dawo gida. Ɗauki tatsuniyar Gizo da Giwa da Dorina. Gizo ya ci bashi a tudu, ya ci a ruwa, da alkawarin zai biya kowa da doki. Ranar biya ya miƙa wa Giwa bakin igiya ya ce doki na ɗaure a can bakin kogi, ya miƙa wa Dorina ɗaya bakin ya ce doki na tudu, ku ja. Manya biyu suka wuni suna jan juna, kowa na mamakin ƙarfin wannan doki. Me ke sa yara faɗuwa da dariya a nan? Sanin da suka yi cewa babu doki, alhali Giwa ba ta sani ba, Dorina ba ta sani ba. Gwajin Maxi ne sak, har ma ninki biyu, kuma kakanninmu suna yin sa a tsakar gida da farin wata tun kafin a haifi kakan Wimmer. Kusan duk tatsuniyar Gizo haka take. Yaudara ba ta yiwuwa sai da kawuna biyu masu ɗauke da sani mabambanci, don haka yaron da ke bin labarin Gizo dole yana shiga wannan kai yana fita yana shiga wancan. Abin da malam zai ƙara kaɗan ne: ya tsaya daidai inda igiya ta miƙe, ya ce, "Giwa me take zaton yana can ƙarshen igiyar? Mu fa, me muka sani?" Tambayar da ta dace da ɗan aji ɗaya ke nan, ba "ka zama lauyan Kura" ba.

Har ma akwai alamar cewa yawan bayani yana rage amfanin. Joan Peskin da Janet Astington sun buga wani bincike a 2004 kan yara 48 masu kimanin shekara huɗu da rabi. Mako huɗu ana karanta musu littattafai masu hotuna. Rabi an cusa wa nasu kalmomi irin su "ya yi zato", "ta sani", "bai gane ba". Ɗaya rabin an bar musu labaran ba waɗannan kalmomi, sai hoto da abin da ya faru. A ƙarshe waɗanda ba a tauna musu ba su suka fi iya bayyana kuskuren zato. Yara 48 ba su da yawa, kuma ba yaran Roni ba ne, saboda haka kada mu ɗora wa binciken abin da ya fi ƙarfinsa. Amma ya yi daidai da abin da gwanayen tatsuniya ke yi. Tsohuwa ba ta cewa "Kura ta yi zaton gaskiya Gizo ya faɗa." Muryar Gizo take maƙalewa da tsamin bakin nan nasa, ta yi ta Kura da gurnani, ta bar yara su cike sauran.

(Tunda an ambaci Kura, bari in ɗan yi mata adalci. Tatsuniya ta mai da ita sakarya mai cin mushe. Hans Kruuk, wanda ya bi kuraye a Serengeti da Ngorongoro ya wallafa littafinsa a 1972, ya nuna cewa kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, mafi yawan abin da take ci ita ta kashe, kuma sau da yawa zaki ne ke ƙwace mata. A 2009 Christine Drea da Allisa Carter suka ba kuraye aikin da sai biyu sun ja igiya tare abinci zai faɗo, suka gane shi nan da nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan shi ne ɓangarenta na gaskiya, kuma wurinsa darasin kimiyya.)

Inda maganar take da nauyi sosai ba wajen dabbobi ba ne. Wajen 'yar bora da 'yar mowa ne.

Kowa ya san tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. Yadda aka fi ba da ita a wajenmu: yara biyu 'yan uba suna kwana a ƙirgi ɗaya, 'yar mowa ta ɓata shimfiɗa da dare, aka laƙa wa 'yar bora, aka kore ta ta je ta wanke ƙirgin a Ruwan Bagaja. Ta wuce kogunan abinci iri-iri ba ta taɓa ba, ta iske Cinya da Kare a bukka ta gaishe su da ladabi, aka ba ta ƙwayar shinkafa ɗaya ta dafa ba musu, aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta fasa inda aka ce, sai ga dawaki da shanu da dukiya. Mowa ta gani, ta tura tata 'yar. Ita kuwa ta ci a kowane kogi, ta yi wa Cinya dariya, ta ɗauki babban ƙwai, ta fasa inda aka hana, ta dawo gida bisa jaki da kutare da makafi da ƙudaje.

A matsayin gini, tatsuniyar nan gwanar kanta ce. Tafiya ɗaya ce aka yi sau biyu, hanya ɗaya, jarrabawa ɗaya, abin da aka sauya kawai halin mai tafiyar. Mu a ɗakin gwaji haka muke yi: a riƙe komai yadda yake, a sauya abu ɗaya, a ga sakamako. Shi ya sa take zama a ka. Amma a nan ne kuma take yin 'yar ƙarya, domin ba hali kaɗai ya bambanta ba. 'Yar bora ta tafi ne ba ta san akwai lada ba. 'Yar mowa ta tafi da idon uwarta a bayanta, an nuna mata dukiyar 'yar'uwarta an ce je ki ki zo da wadda ta fi. Yarinya ce da ba a taɓa bari ta ji yunwa ba, ba a taɓa ce mata bari ba, laifin da ta yi da dare ma wani aka ɗora wa. Wa ya koya mata gaisuwa? Duk abin da ta yi a hanya, tarbiyyar ɗakinsu ta kwashe ta tafi da ita. Sai tatsuniya ta hukunta 'yar, uwar kuwa baƙin ciki kawai ta samu.

Dalilin da ya sa wannan ba wasa ba ne: a ajin da ake ba da labarin, a Roni ko Kazaure ko Babura, akwai 'ya'yan bora na gaske da 'ya'yan mowa na gaske, wani lokaci daga gida ɗaya, a benci ɗaya. Kyarkeci ba ya zaune a aji a Amurka. 'Yar mowa tana zaune a namu. In darasin ya ƙare da "'yar mowa muguwa ce", akwai yarinyar da aka yi wa suna ke nan har a tashi. In kuma malam ya ɗauko sabuwar dabara ya ce to yau 'yar mowa ce mai gaskiya, akwai wata yarinyar da a gida ake ɗora mata laifin da ba nata ba, yanzu kuma makaranta ta ce mata ai kowa da gaskiyarsa.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa kowane labari fuska biyu gare shi daidai wa daida. Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma karin maganar tana da wurinta, wajen sulhun manya inda kowa ya taka rawa. Amma a shimfiɗar nan daddawa ba ta yi warin komai ba. An zalunci 'yar bora, kuma yaro yana da haƙƙin ya ji babba ya faɗi haka ƙarara. Fahimtar dalilin da ya sa mutum ya yi abu daban, wanke shi daban. Ana iya tambayar yara "me ya sa 'yar mowa ta ɗauki babban ƙwai, me take zaton uwarta za ta ce in ta dawo da ƙarami?" ba tare da an ce ɗora wa wani laifi daidai ne ba. Ɗan shekara takwas zai iya riƙe waɗannan biyun tare. Ɗan shekara huɗu ba zai iya ba tukuna, kuma ba laifinsa ba ne.

Masu riƙe da tsohon tsari za su ce a bar tatsuniya yadda aka gada, tsoron ƙarshen 'yar mowa shi ke gyara yaro. Amsa biyu gare ni. Ta farko daga gwaji. A 2014 Kang Lee da abokan aikinsa a Kanada suka gwada yara 268 'yan shekara uku zuwa bakwai. An bar kowane yaro shi kaɗai da abin wasa a bayansa aka ce kada ya leƙa, da yawa suka leƙa. Kafin a tambaye su ko sun leƙa, sai a karanta musu labari. Labarin makiyayin da ya saba ihun ƙarya har kyarkeci ya zo da gaske, da na Pinocchio mai hancin da ke tsawo in ya yi ƙarya, ba su ƙara faɗin gaskiya ba. Wanda ya yi aiki shi ne na George Washington, yaron da ya amsa cewa shi ya sare bishiya, ubansa ya yaba masa. Da aka sauya ƙarshen wannan labarin ya koma na horo, amfanin ya ɓace. Gaskiya kawai aka auna a nan, ba dukkan tarbiyya ba, amma in za a ɗauki wani abu, to rabin farko na Ruwan Bagaja, inda ladabi ya jawo alheri, ya fi rabin ƙarshe aiki.

Amsa ta biyu ita ce babu wata tatsuniya guda "yadda aka gada". Farfesa Sa'idu Babura Ahmad ya yi littafi sukutum a kan wannan, Narrator as Interpreter, wanda aka buga a Jamus a 1997. Ya jera yadda masu ba da labari daban-daban suke ba da tatsuniya ɗaya, ya nuna cewa ƙashin bayanta yana nan, amma kowane mai bayarwa yana ƙarawa, yana ragewa, yana karkata ta inda fahimtarsa take. Mai ba da tatsuniya mai fassara ta ne. Wanda ya taso gidan da mata da yawa suke ba da labari ya san haka ko bai karanta ba: bakin da ya ɗanɗani zaman bora ba zai ba da Ruwan Bagaja kamar bakin da bai ɗanɗana ba. Rubutu ne ya daskarar da ita. Tun daga kundin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da aka yi ta karantawa a makarantu, aikin adanawa ne babba, ba don su ba da mun yi asara mai yawa. Sai dai shafi murya ɗaya yake ɗauka, yaro kuma ya ɗauka ita ce kaɗai.

Daga nan ne nake ganin aikin da ya fi wasan lauyan kyarkeci amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. A ce wa 'yan aji huɗu kowa ya je gida ya roƙi mutum biyu su ba shi tatsuniya ɗaya, kaka da gwaggo, ko inna da maƙwabciya, ya dawo ya faɗi inda suka saɓa. A ƙauyukan Roni, inda Fulani da Haɓe suke cuɗe da juna, bambancin zai fi haka yawa. Akwai hujjar kimiyya a nan ma. Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley sun buga gwaje-gwaje 25 a 2018, a kan manya, suka ga cewa umartar mutum ya sa kansa a matsayin wani ba ya sa ya fi cankar abin da wancan ke tunani, wani lokaci ma ƙarfin gwiwar banza yake ƙara masa. Abin da ya ƙara daidaito shi ne a je a tambayi mutumin. Yaron da aka ce ya ƙirƙiro uzurin Dodo, kansa yake saurare. Wanda aka aika wajen gwaggo, wani yake saurare.

Sauran abu biyu da tsohon tsari da sabon duk suke tsallakewa, domin dukansu sun ɗauka ɓangarorin biyu ne. Na farko mutanen da suka fito daga ƙwan 'yar mowa. A labarin, kutare da makafi ba mutane ba ne, azaba ce, an jera su da ƙudaje. Kuturta cuta ce da ƙwayar bakteriya ke kawowa, tana warkewa da haɗin magunguna da ake bayarwa kyauta, kuma tsangwama na cikin abubuwan da ke hana masu ita zuwa asibiti da wuri. A aji akwai jikan makaho, mai yiwuwa shi ke yi masa jagora ranar Juma'a. Malamin da ya ce "su waɗannan mutanen daga ina suke, ina za su kwana yau?" ya buɗe ƙofar da juya labari tsakanin yara matan biyu ba zai taɓa buɗewa ba. Mai ba da labari kuma yana da ikon da Farfesa Sa'idu ya nuna: ya bar jakin da ƙudajen, ya sallami mutanen.

Na biyu shi ne maigidan. Bora da mowa ba da su aka haife su ba, wani ne ya fifita ɗaya a kan ɗaya. Yana gidan aka ɗora wa 'yarsa laifi, yana gidan aka tura ta daji ita kaɗai da ƙirgi a ka, kuma a yawancin yadda ake ba da labarin da ƙyar ake jin bakinsa. Ba na jin malamin aji biyu zai iya tambayar "ina baban yake?" ba tare da maganar ta isa zauren wani kafin la'asar ba, kuma ban ce lallai ya yi ba. Amma yara 'yan shekara tara da goma sukan yi tambayar da kansu in aka bar musu fili bayan ƙurunƙus, kafin a ɗauki alli.